Tsufa a kan dutsen Adar: yadda ayyukan yini ke gagarar dattawan Allakaye

Macen da ta ɗauki dutse a ka a 1984, shekarar da aka soma Aikin Keita, in tana da shekara 25 a lokacin, yau ta haura 65. Ire-irenta suna da yawa a ƙasar Adar. Fari ya cinye gonaki a wancan zamani, maza sun watse neman abinci, sai gwamnatin Italiya ta zuba kuɗi, hukumar FAO ta riƙe ragamar aikin, hukumar PAM kuma ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a filin. Su suka jera duwatsu a kan fako don tare ruwan sama, su suka haƙa ramuka a jikin tsauni da diga, su suka dasa miliyoyin itatuwa. A farkon shekarun 1990 aikin ya faɗaɗa ya shigo ƙasar Buza, gundumar da ƙaramar hukumar Allakaye take ciki. Kafin nan ma, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza sun fara jera dogon yaro a kwarin Maggiya don karya iska. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda ƙasar ta farfaɗo. Ba a cika tambayar halin da wuya da ƙugu da gwiwoyin waɗanda suka farfaɗo da ita suke ciki ba.

Wanda bai san Adar ba zai ɗauka tsufa ɗaya ne ko'ina. Jiki kam haka yake raguwa a Yamai da Abijan da Allakaye. Abin da ake nema daga jikin ne ya bambanta. Tsakanin Buza da Keita da Madawa ƙasa ce ta tudun dutse da kwari, da korammu masu yanke hanya da damina. Gona na iya zama a kan tudu, rijiya a kwari, kasuwa a wani gari. Hanyar da ta haɗa su tsakuwa ce da marmara, ga gangara. Mutumin da ƙafarsa ta fara rawa a irin wannan ƙasa ya riga takwaransa na birni zama gida da shekaru.

A 1963 wani likita a Amurka mai suna Sidney Katz ya tsara ma'aunin da asibitocin duniya ke amfani da shi har yau don gane ko tsoho na iya riƙe kansa. Abubuwa shida ya lissafa: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A 1969 Lawton da Brody suka ƙara na biyu, wanda ya shafi hidimar gida: girki, wanki, cefane, tafiya, shan magani kan ƙa'ida, riƙon kuɗi, amfani da waya. Ma'aunin na da amfani, amma an yi shi ne a gidan da ruwa ke zuwa ta famfo, gado kuma ya kai tsayin gwiwa. A ƙauyen Allakaye kafin a kai ga wanka sai an ja guga, kafin a kai ga girki sai an yi sussuka da surfe da daka, an kuma samo itace ko kara. Kowane aiki ɗaya a takardar likitan ya zama uku ko huɗu.

Daga tabarma ake farawa

Ku dubi tsohuwa da asuba tana son tashi daga tabarma. Ba ta miƙewa kai tsaye kamar da. Sai ta mirgina gefe, ta dafa ƙasa da tafin hannu biyu, ta ja gwiwa ɗaya, ta tsaya tana numfashi. Daga nan ta lalubi bango ko bakin randa ko sandarta, ta ɗago ƙugu a hankali, baya a tanƙware, ba ya miƙewa sai ta yi taku uku ko huɗu. In an ce mata, "Inna, ina gajiya?" za ta ce babu gajiya. In an matsa za ta ce jiki da jini, sai a hankali. Wannan tashin, wanda yaro ke yi ba tare da ya sani ba, shi ne aiki mafi nauyi ga cinya da gwiwa a duk yininta, kuma za ta maimaita shi sau da yawa kafin dare, domin a ƙasa ake kwana, a ƙasa ake ci, a ƙasa ake alwala da hira da tsintar wake.

Abin da ke faruwa a ciki sananne ne. Bayan shekara 30 tsokar jiki na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar na ƙara sauri bayan 60. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa na cinyewa, shi ne ciwon da ake kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Ƙashin mace na yin laushi bayan ɗaukewar al'ada. A ƙara da haihuwa bakwai ko takwas, domin binciken lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a ƙara da shekara hamsin na tulu a kan gammo da taɓarya a hannu.

Akwai wani abu da nake ganin ƴaƴan kirki na kuskurewa a kai, kuma don ƙauna suke yi. Da zarar uwa ta fara ɗingishi sai a ce, "Inna, zauna ki huta, kin yi naki." A karɓe tsintsiya, a karɓe ƙwarya, a hana ta zuwa gamanarta, ƴar gonar da take noma kuɓewa da yakuwa. Tsokar da ba a motsa ba kuwa narkewa take. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu lafiya kwana goma a gado, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa. Kwana goma kacal, ga mutanen da ba su da ciwo. To ina ga tsohon da zazzaɓin damina ya kwantar mako biyu, ya kuma tashi ba ya son abinci? Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa tsufa ya kayar da su dare ɗaya, jinya ce ta kwantar da su, ba a kuma samu wanda ya dage ya riƙa ɗaga su suna takawa ba. Jarka mai lita 25 ya kamata a ɗauke wa tsohuwa, da hawan dutse da kaya. Shara da tsinta da zagayen unguwa a bar mata kayanta.

Ga namiji ma'aunin da ya fi damunsa shi ne masallaci. Dattijo zai haƙura da hauya, ya bar wa ƴaƴa gandu, ya koma zuwa gona a kan jaki don ya duba kawai. Amma ranar da ya kasa sujada ya tashi tare da sahu, ko ya kasa taka duhun asuba zuwa jam'i, ranar yake jin an rage shi. Malamai sun sha faɗa cewa addini ya sauƙaƙa: wanda bai iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ruwa zai cutar ya yi taimama, tsohon da azumi ya gagara ya sha. Sai dai abin da dattijon ya rasa ya wuce tsayuwa da ruku'u. A ƙofar masallaci ake jin wanda ya rasu da wanda aka haifa, a can ake sasanta rikicin iyakar gona, a can ake tuna cewa yana nan. Shi ya sa benci ɗaya a ƙarshen sahu da saurayin da zai riƙe masa hannu suke da girma haka.

Rumbu ma haka. Manyan rumbunan ƙasa na Adar, waɗanda baƙi ke tsayawa ɗaukar hotonsu, bakinsu a sama yake. Mai gida ne ya san damin da ya shiga da wanda ya fita. In ya daina hawa, ya koma tsayuwa a ƙasa yana tambayar yaro abin da ya rage, ikon gidan ya fara sauya hannu ko da ba wanda ya furta.

Ido

In da za a ce a zaɓi abu guda da gyaransa zai maido wa tsofaffin yankin nan mafi yawan ayyukansu, ido zan zaɓa. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya. Ƙwayar da ke tace haske a cikin ido ce ke dusashewa da shekaru, mutum ya riƙa gani kamar ta cikin hazon hunturu, har ya kai ga bai rarrabe komai sai haske da duhu. Ba ta ciwo, shi ya sa ba a gaggawa da ita. Ana cewa idon Baba ya yi rauni, tsufa ne. Amma ku lissafa abin da take tafiya da shi. Tsohuwa ta daina tsince tsakuwa daga hatsi, ta daina gane kunama a bakin ɗaki, ta daina zuwa suna da gaisuwar mutuwa sai da ɗan jagora. Ɗan jagoran kuwa jika ne, wanda a wannan sa'ar ya kamata a ce yana aji.

Aikin cire yana ba ya kai rabin sa'a a hannun gwani. Ana cire ƙwayar da ta dusashe a sa ta roba, washegari a buɗe ido. Ana yinsa a babban asibitin Tawa, da asibitocin ido na Makka da ke Maraɗi da Yamai, da kuma lokacin ayarin likitocin ido da kan sauka a asibitocin gunduma su yi aiki kyauta. Nijar na cikin ƙasashen da Bankin Musulunci ya sa a shirinsa na yaƙi da makantar da za a iya magancewa tun 2008. Abin da ke tare tsohon ƙauye ya fi kuɗin aikin yawa. Akwai kuɗin mota na mutum biyu, domin ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai masauki da abinci. Akwai tsoron wuƙa. Akwai kuma labarin ayarin da kan iso ƙauye bayan likitocin sun tafi.

Wannan giɓin ne masu kwantar da yana na gargajiya ke cikewa. Sukan bi kasuwanni, su soka tsinke a ido su tura ƙwayar ciki. Mutum kan ga haske nan take, a yi ta murna, bayan makonni ido ya kumbura ko ya mutu. Babban binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma mafi yawansu makafi aka same su. Iyaka ba ta tare masu wannan sana'a. Duk ɗan da ke son mahaifinsa ya ci gaba da gani, ya yi haƙuri ya tara kuɗin mota.

Akwai kuma ƙaramar matsalar da kusan kowa ke samu bayan shekara 40, ta kasa ganin abu na kusa. Tabarau mai araha ke gyara ta. Ba don shi ba, tela ya bar zare da allura, malami ya bar karatun Alƙur'ani da dare, mai shan magani ya kasa bambance ƙwayar safe da ta yamma. A zamanin nan ma har da kuɗi. Ɗa zai turo saƙo daga Abijan ta NITA ko Al Izza ko Amana, lambar karɓa ta shigo waya, tsohon bai ganin lambar, in ma ya gani ba lalle ya iya karantawa ba. Dole ya miƙa wayar ga wani. Mafi yawan waɗanda ake miƙa wa amintattu ne, amma mutumin da ya shekara hamsin ba wanda ya san abin da ke aljihunsa yanzu duk unguwa ta san nawa aka aiko masa. Saƙon murya na WhatsApp ya taimaki tsofaffi ƙwarai, in dai kunne na ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce 60 suna da raunin ji mai hana su walwala, kuma wanda ya gaji da cewa "me ka ce?" yakan janye daga majalisa ya yi shiru.

Haƙori ya fi saurin bayani. In turame suka zube, nama da gyaɗa da rogo sun fita daga abinci, sai fura da kunu da tuwo mai laushi. Ciki na cika, tsoka ba ta samun abin gina ta. Wake da aka dafa ya yi luguf, nono, ƙuli-ƙulin da aka daka a miya, ƙwai, garin zogale: duk ana samu a yankin, sai dai a gidan da hatsi bai kai ba tsoho ne ke fara cewa ya ƙoshi don jikoki su ci. Ga kuma zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a jihar Tawa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa yadda yaro ke ji, wani ma da gangan yake rage shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi da dare. A farkon Afirilun 2024, da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura 60.

Abin da ba a faɗa

Akwai aikin da tsoho zai ɓoye gazawarsa a kai har sai abin ya fi ƙarfinsa, shi ne bayan gida. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar a daji suke biyan buƙata, a karkara abin ya fi haka. Ga mai ƙarfi tafiya ce ta ƴan mintuna bayan gari. Ga tsohuwar da ba ta gani sosai, mai ciwon gwiwa, tafiya ce a kan duwatsu cikin duhu, domin kunya ba ta barin mace ta fita da rana tsaka. Inda aka samu salga a gida ma, rami ne da sai an tsuguna, babu abin dafawa. Tsugunawa ta yiwu, tashi ya gagara. A irin wuraren nan ake faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka wuce 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ga tsoho ba irin wadda maɗori ke ɗaurewa da kara ba ce. Aikin asibiti take so, kuma wanda bai samu ba sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ya sake tashi.

Maza na da tasu damuwar. Da shekaru wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara kan kumbura, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko ya riƙa ɗiga, ko ya tsaya cak cikin dare a nemi amalanke ko kabu-kabu a nufi likita. Dattijon da ke shakkar tsarkin wandonsa sai ya fara ƙauracewa sahun gaba, daga baya ya daina fita. Iyalinsa su ce ya zama mai son kaɗaici.

Kunya ce ke tsara wanda zai taimaki wa. Matar ɗa ba ta faɗin sunan uban mijinta, ba ta cin abinci a gabansa, balle ta yi masa wanka ko ta ɗauke masa fo. Za ta dafa, ta wanke tufafi, ta ajiye buta a bakin ƙofa, iyakarta ke nan. Uwa ba ta sakin jiki da ɗan farinta. Namijin da matarsa ke raye kuma ta fi shi ƙuruciya ya tsira, ita za ta yi komai. Mata kuwa, da yake sun fi mazansu ƙuruciya lokacin aure, su suka fi ƙarewa cikin takaba ba mai yi musu irin wannan hidima, sai ƴar da ke aure a wani gari in an bar ta ta zo. Ƙofa ɗaya al'ada ta bari a buɗe, wasan jika da kaka. Jika na iya shiga ɗaki ba sallama, ta ce, "Kaka, tashi in cuɗa miki baya, kin fara tsami," a yi dariya a wuce wurin. Da wannan wasa ake rufe asirin tsofaffi masu yawa. Sai dai mai yin hidimar sau da yawa yarinya ce ƴar shekara goma ko sha biyu, kuma makarantarta ce ke biya.

Wa ya rage a gida?

Adarawa mutanen bida ne tun kaka da kakanni. Da an ɗaure dami an cika rumbu, samari da magidanta sai su kama hanya: Abijan, Legas, Kano, Kamaru, Libiya, Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya na Agadas. Wasu su dawo da saukar ruwa, wasu su shekara biyu ko uku. Kuɗin da suke aikowa shi ke sayen hatsin bazara da magani, ba mai musun haka, kuma tsohon da ke da ƴaƴa a waje ya fi wanda ba shi da su kwanciyar hankali ta wannan fuska. Amma kuɗi ba ya ɗaga mutum daga tabarma. Da rani za ka shiga gida ka tarar da tsoho da tsohuwa, da matan ƴaƴa biyu ko uku, da yara goma. Matar ɗa ɗaya na iya zama da goyo a baya da ciki a gaba, ita ce rijiya, ita ce turmi, ita ce jinyar uwar miji. In ta yi tsaki wata rana a ce ba ta da tarbiyya. Ban ga adalci a wannan hukunci ba. Hidimar da ake yabon al'adarmu da ita, in aka bi sawunta, a wuyan mace ɗaya gajiyayya take sauka.

Kuɗin ma ba kullum yake zuwa ba. Rikicin Kwaddibuwa na 2002, yaƙin Libiya na 2011 da ya koro dubban ƴan jihar Tawa gida hannu wofi, rufe iyakar Najeriya a 2019, takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, faɗuwar darajar naira: kowanne ya isa ɗakin tsohuwar da ba ta taɓa fita Adar ba, ta hanyar maganin hawan jinin da aka kasa saye a wannan watan.

Hawan jini kuwa ba a wasa da yankewar maganinsa. Ba ya nuna alama, sai ranar da mutum ya tashi baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. Shanyewar ɓarin jiki na iya kwashe duka ayyuka shida na Katz a safiya ɗaya, ta mai da mai gida abin juyawa a shimfiɗa. Sai gyambon kwanciya ya biyo baya in ba a juya shi a kai a kai. Gigin tsufa kuma a hankali yake zuwa: a manta an ci abinci, a zargi matar ɗa da sata, a fita da dare a ce za a je gidan iyayen da suka rasu tun tuni. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yana damun mutum fiye da miliyan 55 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasashe masu tasowa. Inda ba a san shi ba akan ce iskoki ne, ko a laƙa wa tsohuwar da ba ta da gata maita. Wannan zalunci ne, kuma limamai da masu gari na da bakin da za su hana shi.

Hukuma da tsofaffinta

Nijar ƙasar yara ce. Kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 60 kuwa kusan 4 ne cikin 100. Don haka ba abin mamaki ba ne da tsarin lafiya ya fuskanci uwa da jariri. Tun 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. A yunwar 2005 ma, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF suka cika jihar Tawa, hannun yara ake aunawa. Daidai ne, yaran ke mutuwa. Amma ƙidayar 2012 ta ba jihar Tawa mutum miliyan 3.3, kuma 4 cikin 100 na wannan adadi ya haura mutum 100,000 tun a lokacin.

A takarda ba a manta da su ba. Kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine a 2023, ya ɗora wa hukuma kula da tsofaffi. An yi manufar kare marasa ƙarfi a 2011. Kowace 1 ga Oktoba ana bikin ranar tsofaffi ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin lafiya. Fansho dai na wanda ya yi aikin albashi ne, ta CNSS ko asusun ma'aikatan gwamnati, manomin Allakaye da matar da ta ɗauki dutse don mudun abinci ba sa ciki. Shirin tallafin da Bankin Duniya ya fara ɗaukar nauyi a 2011, wanda ya riƙa ba gidaje matalauta sefa 10,000 a wata, gida ya duba, ba tsohon da ke cikinsa ba. Abin da ya taɓa su kai tsaye a baya-bayan nan shi ne rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumban 2024. Ya rage nauyin ganin likita. Kuɗin mota da na maganin da za a sha har ƙarshen rai suna nan.

Fansho ga kowane tsoho abu ne da ya kamata a yi ta nema, amma da yawan abin da ake buƙata bai jira Yamai ba. Kafinta na iya huda kujerar katako a ɗora a bakin salga. Magini na iya kafa sanda biyu a gefenta don dafawa, ya rage tsayin dokin ƙofa, ya ɗaga gadon ƙasa ya kai gwiwa. Ana iya kwashe duwatsun da ke tsakanin ɗakin tsohuwa da makewayi, a ba ta fitila mai caji da rana, a ajiye randa kusa da ita. Duka wannan bai kai kuɗin sabuwar wayar da ake dawowa da ita daga bida ba.

A ɓangaren likita ma akwai hanya mai sauƙi. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin duba tsofaffi da ake kira ICOPE, wanda ma'aikacin ƙauye zai iya yi cikin ƴan mintuna. A ce mutum ya tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, a ga ko zai gama cikin daƙiƙa 14. A faɗa masa kalmomi uku a ga ko zai tuna. A yi masa raɗa ta baya don gwada kunne, a duba ido, a tambaye shi ko ya rame da kilo 3 cikin wata uku, ko ya daina jin daɗin abin da ya saba so. A ƙara da awon jini. Masu sa kai na lafiya da ke bin gida-gida don rigakafi da awon tamowa suna wuce waɗannan tsofaffin a zaure kowace rana. In majo, wato shugaban cibiyar lafiya, da shugaban ƙaramar hukuma suka yarda, ana iya rubuta sunayen masu yanar ido ƙauye-ƙauye, ta yadda ranar da ayarin likitoci ya sauka Buza ko Madawa ko Keita mota ɗaya za ta kwashe su.

Lokacin yin wannan shi ne Oktoba da Nuwamba, bayan girbi. A watannin nan ne korammu suka bushe hanya ta buɗe, akwai ɗan kuɗin wake a hannu, kuma ƴaƴa maza, waɗanda ba a kai uba asibiti ko a taɓa ginin gida sai da izininsu, suna nan ba su tafi ba. Daga Disamba motocin Abijan da Agadas sun kwashe masu yanke shawara, abin da ba a yi ba kuma sai an jira dawowarsu.